Ɗakin shanu na mayar gida, filasta ta ƙi zama

Assalamu alaikum jama'a, musamman magina.

Mun gaji wani tsohon gini a gonar marigayi mahaifinmu can wajen Mariri, yanzu gari ya cim masa. Ginin tubali ne, rufin azara, a da shanun noma ake ɗaurewa a ciki. Da kuɗin haya ya ishe ni, na ce bari in gyara in tare da iyali.

An kwashe taki, an yi daɓen siminti, an yi wa bango filasta. Damina ɗaya tak, filastar ta kumbura tana ɓarewa daga ƙasa har gwiwa, ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. In rana ta take kuma, zarnin fitsari ne ke tasowa. Uwargida ta ce ba da ita ba, ni ma ban ga laifinta ba.

Wani magini ya ce siminti ne ya hana ƙasar shan iska, a kankare a koma makuba, wato yaɓen gargajiya da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Wani ya ce a rushe a yi na bulo, aljihuna kuwa bai kai nan ba.

Don Allah, makuba za ta tsayar da wannan gishirin, ko sai an fasa daɓen an shimfiɗa leda tukuna?