Iska ta taso a teku, bosun ya ƙi juya jirgi

Ɗan Yawuri: Salamu alaikum. A Kogin Kwara na koyi sana'ar su tun ina yaro, amma wata 4 ke nan da na shiga jirgin masuntan Fanti a Elmina, a gaɓar tekun Ghana, kuma teku daban ne. Daren Asabar iska ta taso muna cikin jan raga. Ni a tunanina gudu gida za mu yi. Sai bosun ɗinmu, wato shugaban jirgi, ya rage wutar inji, ya saita goshin jirgi ga taguwar ruwa, ya ce kowa ya zauna ƙasa. Ni ya miƙo min yankakkiyar jarka, na yi ta kwasar ruwa har tafin hannuna ya sale. Me ya hana shi juyawa? Wallahi har yau abin na raina.

Baba na Zangon Tema: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gode wa Allah da ya haɗa ka da mai hankali. Jirgin nan daga gungume guda na itacen da ake kira wawa ake sassaƙa shi, a ƙara katako a gefe. Dogo ne, siriri. Ta goshi yana hawa taguwa ya sauka lafiya, amma in ya ba ta haƙarƙari, mari ɗaya ya isa ya kifar da ku. Juyawar ita ce wurin mutuwa, shi ya sa ake jira sai manyan taguwoyin sun wuce a sami sarari. Kuma kar ka raina aikin da ya ba ka. Ruwan da ya taru a ciki, duk inda jirgi ya karkata can yake kwarara, ya ƙara danne shi.

Makanike: Baba ya gama magana. Injin Yamaha mai doki 40 a gefe yake rataye. Ka ba shi wuta sosai, jirgi ya haye taguwa, farfela ta fita daga ruwa tana ihu a banza. In injin ya mutu, ku ɗaura igiya da raga a goshi ku sake su a ruwa, za su riƙe muku fuskar jirgi.

Ɗan Yawuri: Na gode, Baba. To wajen shigowa fa?

Baba na Zangon Tema: Ku da kuke shiga ta bakin Benya, tafkin Elmina da ke haɗe da teku, da sauƙi. Ranar da kuka sauka a yashin Cape Coast, zuba ido: bayan taguwa ake bi, ba a shan gabanta. Ka nemi rigar ceto kafin Yuni, lokacin ruwa ya fi hauka.