Injunana na kan Windows 7 da XP: shin antibirus kaɗai ya wadatar?

Mai shagon buga takardu, Tawa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da shagon buga takardu a nan Tawa, kuma da kwamfutoci uku nake aiki: biyu na kan Windows 7, ta ukun kuwa, wadda tsohuwar na'urar buga takarduna take haɗe da ita, har yau tana kan XP. Ƙanena da ke karatu a Yamai ya zo hutu ya ce ina wasa da amanar jama'a, tunda a cikinsu akwai hotunan takardun haihuwa da katunan shaidar ɗan ƙasa da kundayen ɗaliban jami'a. Ni kuwa na sa antibirus, kuma ina sabunta shi. Wannan bai isa ba? Ba ni da halin sayen sababbi a yanzu.

Mai gyaran kwamfuta, Yamai:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka gaskiya ya faɗa maka. Antibirus mai gadi ne a bakin ƙofa, alhali matsalar tsohon Windows ɓaraka ce a jikin katangar gidan, kuma maginin ya daina zuwa liƙe ta. Kamfanin Microsoft ya dakatar da gyaran tsaro na XP ranar 8 ga Afrilu 2014, na Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu 2020, saboda haka mafi yawan kafofin da aka gano daga baya a buɗe suke zama.

Ka tuna da cutar kwamfuta mai suna WannaCry a watan Mayu 2017. Ta hanyar SMB, wato tsarin da kwamfutoci ke musayar fayiloli da shi, cutar ta riƙa tsallakawa daga wannan inji zuwa wancan ba tare da mai shi ya danna komai ba, tana kulle fayiloli tana neman fansar dalar Amurka 300, har aikin asibitoci da dama ya tsaya a Ingila. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tun watan Maris na shekarar aka fitar da gyaran, kuma mafi yawan injunan da suka kamu na Windows 7 ne da ba a sa musu shi ba. A wancan lokaci akwai magani, mutane ne suka yi sakaci. Yanzu maganin kansa ya daina fitowa.

Malamar koyar da kwamfuta, Tawa:

Alhaji, ba lalle sai ka sayi sabo ba. Ta XP ɗin ka raba ta da intanet gaba ɗaya, ka bar mata aikin bugawa kawai. Sauran biyun a sa musu Linux Mint, wani tsarin gudanar da kwamfuta madadin Windows, wanda kyauta ne kuma ana ci gaba da sabunta shi, yana kuma zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word, ko da yake tsarin shafi kan ɗan goce wani lokaci. A fara gwadawa da guda ɗaya. Kada kuma wani ya karɓi kuɗinka ya mayar da kai Windows 10, domin shi ma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025.

Mai gyaran kwamfuta, Yamai:

Malama ta yi daidai, amma cire intanet bai rufe babbar ƙofar shago irin naka ba, wato kile (filashin USB) ɗin da abokan ciniki ke kawowa. Kile guda kan ratsa injuna da yawa kafin ta iso hannunka, kuma ta nan ne wata cutar kwamfuta mai ɓoye fayiloli take yaɗuwa. A riƙa buɗe kilen baƙi a kan injin Linux, sannan a kai takardar wurin XP da kilen shago wadda ba ta fita waje. Takardun mutane kuma a goge su da zarar an gama aiki.

Mai shagon buga takardu, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Yau da dare zan goge hotunan katunan da suka taru. Malama, idan kina da sarari ranar Asabar, zan aiko yarona da inji ɗaya a gwada.