Zuciyar Baba ta tsaya ta dawo, likita ya ce shekarunsa ne matsalar

Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekaranjiya bayan la'asar mahaifinmu, ɗan shekara 78, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci a nan unguwar Aboabo ta Kumasi, carbi na hannunsa. Wani yaron makwabta mai karatun nas ya yi ta danna masa ƙirji har muka isa asibiti. Suka buga masa na'urar lantarki, zuciya ta dawo, amma har yanzu bai buɗe ido ba, inji ke masa numfashi, haƙarƙari biyu sun karye. Likita ya ce tsoho ba kasafai yake tashi ba. Yayanmu da ke Jamus ya ce ko nawa ne a kashe. Da gaske shekaru ne ke yanke hukunci?

Wata nas daga Asawase: Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya ne, yawan shekaru na rage damar tashi, amma ba su kaɗai ake dubawa ba. Minti nawa aka yi kafin a fara danna ƙirjin? Daga minti 4 zuwa 6 babu jini ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa, don haka yaron nan ya yi muku babban aiki. Sannan yaya Baba yake kafin nan? Tsohon da ke taka ƙafarsa zuwa masallaci daban ne da wanda ciwon ƙoda ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Irin bugun zuciyar da lantarki ke gyarawa ma ya fi ba da fata. Haƙarƙarin kada ya dame ki, ƙashin tsofaffi haka yake yi. Kuma akan jira aƙalla awa 72 kafin a ce ga halin da ƙwaƙwalwa ke ciki.

Wani ɗan ƙwallo: Anti, Raphael Dwamena, ɗan ƙwallon Ghana mai shekara 28, ya faɗi a fili a Albaniya a 2023, bai tashi ba. Ƙuruciya ma ba garanti ba ce.

Wata Hajiya daga Alabar: 'Yata, mijina ya tashi, amma sai da muka shekara muna ba shi koko da cokali, ba ya gane kowa. Ki tambayi likitan, in ya farfaɗo, a wane hali? Yayanku ma a sa shi a waya ya ji da kunnensa, ba turo sidi kawai ba.

Mai tambaya: Na gode Hajiya. Ko minti biyu ba a yi ba yaron ya fara, kuma da ƙafarsa Baba yake zuwa kasuwa. Gobe da safe awa 72 ba ta cika ba tukuna, amma zan tare likitan in ya zo zagaye.