Tsutsa a cikin mangwaro: a ƙara feshi ko a bar wa zanzaro?

Mai Lambu, Kwalkwalawa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Mangwarona ɗan aure ne, a ido lafiya lau, sai ɗan ɗigo baƙi kamar an soka allura. Ka yanka, ciki ya yi ruwa, tsutsa fara-fara na motsi. Jiya na kai kwando 6 kasuwa, dillali ya fasa ƙwaya uku a gabana ya ce in kwashe kayana. Feshi biyu na yi da maganin da wani mai shago ya rantse mini a kai. Mi kuka gwada ya yi muku aiki?

Ɗan Wamakko: Wa alaikumus salam. Ƙara na uku, Alhaji, ka ninka awo. Ba ƙwaron da ya fi ƙarfin magani.

Malamin Gona: Don Allah kada ya ninka. Alhaji, tsutsar tana can cikin ɗan itacen, feshi a bawo yake tsayawa. Aikin ƙudan 'ya'yan itace ne. Macen ke huda bawo ta zuba ƙwai, tsutsa ta ci ta ƙoshi, mangwaro ya faɗi, ta shige ƙasa, bayan kwana goma ko fiye ta fito ƙuda. Iri biyu ke damunmu. Akwai namu na gida, Ceratitis cosyra, akwai baƙo daga Asiya, Bactrocera dorsalis, wanda aka fara gani a Kenya a 2003 ya bazu har Afirka ta Yamma cikin 'yan shekaru. Baƙon ya fi ɓarna, kuma da ruwan farko ya sauka yake yawaita. Shi ya sa mangwaron da ke jinkirin nuna ya fi shan wuya.

Hajiya Mai Gwaiba: Malam, ni a rediyo na ji wai akwai zanzaron da ke kashe shi. Na ce ikon Allah, wanga da ke gina ɗaki a kusurwar bango?

Malamin Gona: Danginsa ne, Hajiya, amma ƙanana ƙwarai, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, ba sa harbin mutum. Kin ga yadda na bango ke ɗauko tsutsa ya ajiye wa ɗiyansa? To wanga ba ya wahalar ɗauka. Macen na da ɗan tsinke a bayanta, ta soka ta bawo ta sa ƙwanta cikin jikin tsutsar. Ɗanta ya cinye ta daga ciki, maimakon ƙuda ya fito daga ƙasa sai zanzaro ya fito. Muna da na gida a Afirka, irin su Psyttalia cosyrae da Fopius caudatus. Duk feshin da aka ninka, su ke fara mutuwa.

Ɗan Wamakko: To ai shi ke nan, mu naɗe hannu zanzaro ya yi mana noma.

Malamin Gona: Ba zan yaudare ku ba. Na gidan sun iya da ƙudan gida, amma baƙon ya fi su wayo: jikin tsutsarsa kan lulluɓe ƙwan zanzaron ya kashe shi. Shi ya sa cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta kawo wani iri, Fopius arisanus, daga Hawai, wanda ke kama ƙudan tun yana ƙwai. An sake shi a Kenya da Benin da Senegal. Ba abin sayarwa a shago ba ne, duk wanda ya kawo muku shi a kwalba ku riƙe aljihunku.

Baba Na Goronyo: Yara, ku bari in sa baki. Shekaru ina binne wanda ya zuba, rami ya kai kamu ɗaya ko fiye, don in bai yi zurfi ba ƙudan na fitowa. Sai ɗana da ya yi karatun noma a Jami'ar Ɗanfodiyo ya ce, Baba, abokin gaba da masoyi kake binnewa tare. Ya samo tsohuwar durom, ya rufe bakinta da raga, ya ɗaure da robar taya. Nan muke zuba ruɓaɓɓen kowace safiya. Ƙuda ya fito ya rasa hanya, ka gan shi manne da raga, mai ratsin rawaya a baya, har rana ta gama da shi. Ƙananan zanzaron kuwa su sulale ta ramukan su koma bishiya. Sirrin a ragar yake: ta yi faɗi ka yi kiwon ƙuda, ta yi matsi ka kashe masu taimakonka. Sau biyu muka canja kafin muka dace.

Hajiya Mai Gwaiba: Baba, Allah ya ƙara girma. Ni tarko ya taimake ni. Gorar ruwa, a huda ta gefe, a rataya auduga a ciki da mesil yujinol, wani sinadari mai jawo ƙudan, da ɗigon maganin ƙwari. Safiyar farko na ga gindin gorar ya yi baƙi, sai da tsigar jikina ta tashi. Maza kawai yake ja, kuma na baƙon. Maƙwabcina ya rataya a gonar kankana bai kama na kankanar ba, ya zo yana mini ƙorafi kamar ni na haɗa maganin.

Mai Lambu, Kwalkwalawa: Na gode ƙwarai. Amma ga matsala: lambun da ke jikin nawa, mangwaro na nan zube har wari yake, mai shi yana Abuja. In share nawa, nashi na aiko mini?

Baba Na Goronyo: Zai aiko kuwa, ƙuda bai san shinge ba. Ka nemi mai gadinsa, ka ce yaranka za su tsince kyauta. Ni haka na yi.

Ɗan Wamakko: Baba, a turo mana hoton ragar nan kusa-kusa, a sa ashana a gefe mu gane girman ramin. Ina da durom biyu a gida da awaki ke hawa.

Baba Na Goronyo: Sai bayan La'asar, wayar mai hoto tana hannun yaron.