Shin canza kamshaf buɗe inji ne? Muhawara a zauren masu mota na arewacin Kamaru

Direban Ngaundere: Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Na kawo muku kuka ne, domin an taɓa mutuncina a kan abin da ban ga laifina a ciki ba. Na sayar wa wani bawan Allah Hilux ɗina mai injin 22R, kuma a wajen ciniki na gaya masa cewa ba a taɓa buɗe injin ba, duk abin da aka yi masa kayan ɗaurawa ne. Gaskiya na faɗa, domin salansa na canza, da matatar iska, sai kamshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa tana buɗe bawul ɗin inji, da na sa aka ɗaura don motar ta riƙa jan kaya a hawan dutsen nan da ke tsakanin Mbe da Ngaundere ba tare da ta yi ta nishi ba. Yanzu bakanikensa ya cire murfin sama zai daidaita bawul, ya ga kamshaf ɗin ba ta kamfani ba ce, shi ne mutumin yake yawo da ni a tasha yana cewa na yaudare shi, yana neman in rage masa kuɗi. Ni abin da na sani shi ne, duk kayan da za a kwance da sifana a mayar da sifana, ba walda ba yanka, kayan ɗaurawa ne, kuma tsohuwar kamshaf ɗin tana nan a ɗakina, duk ranar da ya so a mayar masa da ita. Ina so masana su gaya mini ko akwai ƙarya a maganata.

Bakaniken Garwa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, babu ƙarya a bakinka. A wajenmu masu sana'a, idan aka ce an buɗe inji ana nufin an ɗaga kulas, wato kan inji, daga kan bulo, wato gangar jikin injin, har an ga kan fistin, ko kuma an sauke kaskon mai an taɓa karanshaf, ƙarfen ƙasa da fistin suke juyawa. Murfin sama kuwa kullum cire shi ake yi, domin injin 22R yana bukatar a riƙa daidaita masa bawul, milimita 0.20 a na shiga da 0.30 a na fita idan injin yana da zafi. Cire hula ba aski ba ne. Da cire murfi buɗe inji ne, da babu mota ɗaya a Garwa da za a ce ba a buɗe ta ba.

Dillalin Marwa: Malam, da girmanka, amma ma'anar buɗewa ba a gareji kaɗai ake yanke ta ba, a kasuwa ma ana yanke ta, domin a can kalmar take sa kuɗi su hau ko su sauka. Mai saye idan ya ji an ce ba a buɗe inji ba, abin da yake fahimta shi ne duk ƙarfen da ke juyawa a ciki yana nan yadda kamfani ya sa shi, kuma a kan wannan fahimtar yake biya. Wanda ya cire wani abu daga cikin inji ya sa wani, ta ina ya bi idan bai buɗe ba?

Bakaniken Garwa: Ta sama ya bi, Alhaji, kuma sama ba ciki ba ne.

Ɗalibin Fasaha: Ina neman izinin iyayena in sa baki, domin akwai abin da ya shafi wannan injin musamman wanda ba a ambata ba. A injin 22R, jerin rokokin da ke danna bawul yana zaune ne a saman kamshaf, kuma notuna 10 da suke riƙe da wannan jerin su ne dai notunan da suke ɗaure kulas a jikin bulo. Saboda haka babu yadda za a yi kamshaf ta fita sai an kwance notunan kulas gaba ɗaya, kuma da zarar an kwance su matsin da ke kan gaskit, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin kulas da bulo, ya saki, ko da kulas ɗin bai motsa daga inda yake ba. Kulas ɗin na alminiyam ne, bulon kuma na baƙin ƙarfe, zafi ba ya buɗa su daidai da juna, shi ya sa gaskit ɗin da aka saki aka sake matsewa yakan iya fara yoyo daga baya. Ko da ma'anar da Baba na Garwa ya bayar muka ɗauka, wannan aikin ya kai bakin ƙofar buɗewa.

Bakaniken Garwa: Yaro, bakin ƙofa daban, cikin ɗaki daban. Na san notunan da kake magana tun ba a haife ka ba. Ana kwance su bi da bi daga gefe zuwa tsakiya, a bar kulas a zaune ba a girgiza shi ba, a ɗaure sarƙar tayimin a jikin haƙorinta don kada ta zame, a sa sabuwar kamshaf da mai a jikinta, sannan a mayar da notunan daga tsakiya zuwa gefe da sifanar awo. Wanda ya iya hannunsa yana gama wannan gaskit bai san an zo ba. Fistin bai ga hasken rana ba, saboda haka ba a buɗe ba.

Mai Gareji daga Kuseri: Ni ina ganin kalmar buɗewa ba za ta zauna da ma'ana ɗaya a kan kowane inji ba, kuma nan ne kuke saɓa wa juna. Ku ɗauki Peugeot 504 da iyayenmu suka yi ta aiki da ita, ko Land Cruiser mai injin 3F da muke gani suna tsallakowa daga Injamena: kamshaf ɗinsu a cikin bulo take, sanduna ne suke kai motsinta sama zuwa ga rokoki, kuma kafin ka zaro ta sai ka cire lagireto da murfin gaba, ka fitar da sandunan da abin da suke zaune a kai. Wannan ko makaho ya shafa ya san an buɗe. Ku dawo kan injin 4A-FE na Corolla da Carina E da suka cika hanyoyinmu, shi kamshaf biyu gare shi a sama, maƙallansu daban suke da notunan kulas, ana iya fitar da su kulas yana ɗaure tamau. Injin 22R ya faɗo tsakanin waɗannan biyun, shi ya sa kowa yake jan sa ɓangarensa.

Dillalin Marwa: To ai ka gama magana, Malam. Idan a tsakani yake, mai sayarwa ba shi da ikon ya zaɓi ma'anar da ta fi masa riba ya yi shiru a kan ɗayar.

Direban Ngaundere: Alhaji, ban yi shiru don in ɓoye ba, bai tambaye ni ba ne. Kuma ina roƙon ka faɗa wa zaure gaskiya, wanda ya sayi motar nan ba mutumin garinku ba ne, ba kuma a rumfarku yake zama ba?

Dillalin Marwa: Mutumin garinmu ne, ban musa ba, kamar yadda wanda ya ɗaura maka kamshaf ɗin yaron Malam na Garwa ne da ya koyi aiki a hannunsa, kuma duk zauren nan an san haka. Idan za a cire maganata saboda kusanci, sai a cire tasa ma. Abin da ba ku faɗa ba shi ne motar ta fara shan ruwa, kowace safiya sai an ƙara mata a lagireto, kuma wannan shi ne abin da ɗalibin nan ya yi bayani.

Bakaniken Garwa: A nan kam ba zan yi shiru ba, domin an taɓa aikin gidana. Motar da aka ɗauka daga sanyin Ngaundere aka kai ta Marwa a watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, aka loda mata buhuna, aka kuma riƙa ɗura mata zuwa-zuwa, wato fetur na bakin hanya, wanda babu wanda ya san abin da aka gauraya a ciki, don me za a ce hannun yarona ne ya sa ta shan ruwa? An duba murfin lagireto? An duba famfon ruwa da robobin da suka tsufa? Dillali aikinsa ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ba ya gane ciwon inji daga nesa ba.

Dillalin Marwa: Zuwa-zuwa ɗin nan shi kowa yake sha daga Garwa har Kuseri, kuma ba duk motoci ne suke shan ruwa ba. Ban ce ni bakanike ba ne, amma ina da shekaru a kasuwar mota da suka isa in san abin da kalma take nufi a bakin masu ciniki.

Wata Mai Motar Haya: Ina gaishe da iyaye da yayye. Ni ba ruwana da notuna, amma ina da tambaya ga masu cewa ba a buɗe ba. Idan salansa aka canza, mai saye zai durƙusa ya gani da idonsa kafin ya biya, haka ma matatar iska. Kamshaf kuwa ba ya ganinta sai an cire murfi, alhali ita ce take yanke lokacin da kowane bawul zai buɗe da tsawon lokacin da zai zauna a buɗe. Abin da ya canza halin mota kuma ido ba ya kai gare shi, ai faɗarsa ta zama dole, ko wane suna aka ba aikin.

Ɗalibin Fasaha: Maganar Hajiya tana da tushe. Kamshaf tana juyawa sau ɗaya ne duk lokacin da karanshaf ya juya sau 2, kuma tozayen da ke jikinta su ne suke tura bawul. Idan aka sa mai tozo mafi tsayi ko mafi faɗi, iska da mai sun fi shiga, amma dole a duba ko sifirin ɗin bawul zai ɗauka, a duba tazarar bawul da fistin, a kuma sake daidaita kafireto da lokacin wuta. Mai faɗi sosai takan sa silo ya riƙa rawa, ta kuma rage zuƙar iskar da birki yake dogara da ita. Sannan idan aka ɗora sabuwar kamshaf a ƙarƙashin tsofaffin rokokin da suka riga suka ci, suna iya cinye tozayen da wuri. Kayan da yake jawo wannan dogon aiki a bayansa ya wuce a jera shi da salansa.

Bakaniken Garwa: Duk wannan a takarda ka karanta shi, ɗana. Ka zo gareji ka yi shekara hannunka yana cikin baƙin mai, sannan ka koya mini abin da roka take ci.

Ɗalibin Fasaha: Baba, ban raina hannunka ba, Allah ya ƙara girma. Amma sifanar awon da ka ambata ɗazu, adadin da kake saita ta a kai daga takardar kamfani ya fito.

Mai Gareji daga Kuseri: Ku bar yaron nan ya yi magana, domin abin da ya faɗa game da notunan kulas babu wanda ya ƙaryata shi har yanzu. Mu na Kuseri da muke karɓar motocin Chadi mun sha ganin gaskit ya tashi bayan irin wannan aikin, shi ya sa ni idan aka kawo mini 22R a ce in canza kamshaf, nakan ce a sayo gaskit sabo in ɗaga kulas gaba ɗaya, in kuma gaya wa mai motar cewa daga yau injinsa buɗaɗɗe ne.

Bakaniken Garwa: Wannan tsarinka ne, kuma ƙarin kuɗi ne kake ɗora wa mutane a kan aikin da bai bukata ba.

Mai Gareji daga Kuseri: Ban taɓa cin kuɗin kowa a banza ba, Malam, kuma ina so ka janye wannan kalmar a gaban mutanen da ka faɗe ta.

Direban Ngaundere: Jama'a, ni tambayata ita ce ko kamshaf kayan ɗaurawa ce, kuma har yanzu mutum ɗaya ne ya amsa mini kai tsaye.

Shugaban Zaure: Ina ganin ya isa haka, kada zumunci ya lalace. Na karanta duk abin da aka rubuta, ga kuma abin da na fahimta. Malam na Garwa, wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar nan kuma shi yake duba motocin da yawa daga cikinmu har da tawa, ya bayyana cewa buɗe inji shi ne ɗaga kulas ko taɓa karanshaf, kuma babu wanda ya kawo shaidar cewa an yi ɗaya daga cikin biyun a wannan motar. Abin da ɗalibinmu ya kawo ilimi ne mai amfani, sai dai na makaranta ne, kuma shi da kansa bakin ƙofa ya ce, bai ce ciki ba. Batun shan ruwa ba a tabbatar da sanadinsa ba, ga zafin Marwa ga kuma irin man da ake sha. Alhaji na Marwa ya yi magana ne a matsayin ɗan garin mai saye, kuma mun fahimci hakan. Saboda haka ɗan'uwanmu na Ngaundere bai yi ƙarya ba, ba kuma sai ya rage ko sisi ba, amma ya aika wa mai motar tsohuwar kamshaf ɗin a motar safe, ya biya kuɗin aikawa daga aljihunsa. Maganar da ta shiga tsakanin Malam da mai garejin Kuseri kuma zan kira su biyun a waya bayan sallar isha'i. Na rufe wannan batu.