Neman shawara: tauraron Baitalami da lissafin mutanen Babila, in koyar ko in bari?

Malamin ajin matasa:

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ina neman shawara kafin Lahadi mai zuwa. Ni ke riƙe da ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa a ikilisiyarmu, kuma da yake Kirsimeti ta gabato, an ba ni Matiyu sura 2, labarin masanan taurari da suka zo daga gabas suna cigiyar sarkin Yahudawa da aka haifa.

Wani ɗalibin jami'a a ajin, yaro mai yawan karance-karance, ya kawo bayanin cewa tauraron nan haɗuwar Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) ce a burujin Kifi, ɗaya daga cikin rukunonin taurari 12 da rana ke ratsawa a shekara, a shekara ta 7 kafin haihuwar Almasihu. Wai a ilimin Babila Mushtari na sarauta ne, Zuhal na Yahudawa, Kifi kuwa ƙasar Isra'ila, don haka duk wanda ya iya lissafin zai ɗaga kai ya karanta cewa an haifi sarki a Yahudiya. Matasan duk abin ya burge su. Ana cikin haka sai wata yarinya da aka riga aka sa mata rana ta ce, "To Malam, in Allah ya yi wa waɗancan magana ta taurari, don me aka hana mu duba namu?" Ashe akwai manhaja a wayarta da ta ce burujinta da na saurayin ba su jitu ba, kuma abin na cinta.

Shin bayanin yaron gaskiya ne? In kawo shi aji ko in kau da kai? Ita kuma yarinyar me zan ce mata?

Mama, shugabar zumuntar mata:

Ɗana, kada ka kai wannan aji. Duba duba ne, ko a faifan yashi aka buga shi ko a waya. Buɗe Maimaitawar Shari'a 18:10-12, ka haɗa da Ishaya 47:13, inda annabi ya yi wa Babila kanta ba'a, ya ce bari masu duban taurarinta su tashi su cece ta in za su iya. Wurin da aka la'anta ne za ka je ɗebo wa yara darasi?

Malamin kimiyyar sakandare:

Mama, a gafarce ni, ina ganin kau da kai ba zai yi ba, don yaran sun riga sun ji. Malam, ga abin da lissafi ya tabbatar. Haɗuwar ta faru da gaske. A shekara ta 7 kafin haihuwar Almasihu, Mushtari da Zuhal sun kusanci juna har sau uku a burujin Kifi: ƙarshen Mayu, wajen ƙarshen Satumba, da farkon Disamba. Shekarar ba ta saɓa wa Matiyu ba, domin yawancin masana tarihi sun ce Sarki Hirudus, wanda Matiyu ya ce a zamaninsa aka haifi Yesu, ya mutu a shekara ta 4 kafin haihuwar Almasihu, wato kalandar da muke amfani da ita ce ta yi latti da 'yan shekaru. Johannes Kepler, masanin taurari Bajamushe wanda ya kalli irin wannan haɗuwa a 1603, shi ya yi lissafi baya ya jawo hankalin mutane ga waccan.

Sai dai taurarin biyu ba su haɗe sun zama ɗaya ba. Ko a lokacin da suka fi kusa, tazarar da ke tsakaninsu ta kai faɗin cikakken wata biyu. Mai ido ɗaya ma zai ga guda biyu ne, Matiyu kuwa tauraro ɗaya ya ce. Kuma ba su kaɗai ke takara ba. Masu rubuta tarihi a Sin sun ambaci wani baƙon tauraro a shekara ta 5 kafin haihuwar Almasihu da ya yi sama da kwana 70 ana ganinsa. Akwai kuma ranar 17 ga Yuni, shekara ta 2 kafin haihuwar Almasihu, da Mushtari da Zara matar wata suka matsu har suka zama kamar haske ɗaya, amma wanda ya zaɓi wannan sai ya matsar da mutuwar Hirudus gaba. Kowane zaɓi da inda yake ɗingishi.

Malama a makarantar tauhidi:

Bari in ɗora daga inda malamin kimiyya ya tsaya, domin ɓangaren Babila ne ya fi damuna a bayanin yaron. An ɗauko abubuwa daga zamani uku an ɗinke, an kira su "ilimin Babila".

Ilimin nasu ba ɓoye yake ba, yana nan a rubuce kan allunan yumɓu, da yawa daga ɗakin karatun Sarki Ashurbanifal a Nineba, yau suna gidan tarihi na Landan. Babban kundinsu shi ne Enuma Anu Enlil, alluna kusan 70 masu ɗauke da alamu wajen 7,000. Salonsu iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe: idan an ga kaza a sama, kaza zai faru a ƙasa. Abin da zai farun kuwa yaƙi ne, ko yunwa, ko ambaliya, ko tsadar sha'ir, ko mutuwar sarki. Sun kasa duniya huɗu, Akkad da Elam da Subartu da Amurru, kuma in an yi husufin wata, gefen da ya duhunta shi ke nuna ƙasar da abin zai faɗa wa. Amurru ita ce yamma, wajen Siriya da Falasɗinu, don haka ba abin mamaki ba ne masanin Babila ya karanta wata alama ya ce ta shafi sarkin yamma. Mushtari kuma tauraron Marduk ne, babban gunkin birnin, kuma ana danganta shi da sarki. A nan yaron ya faɗi daidai.

Ragowar ne babu. Zancen Zuhal da Yahudawa wajen Romawa ake samunsa, irin su marubucin tarihi Tasitus, saboda Asabar ranar Zuhal ce a lissafinsu. Haɗa Kifi da Isra'ila kuwa sai a rubutun masana na sama da shekara dubu bayan Almasihu. Abin da ya fi ban sha'awa, an samu allunan kalandar taurari na Babila na ainihin shekarar nan, kwafi fiye da ɗaya. Sun rubuta cewa Mushtari da Zuhal suna Kifi, sun rubuta ranakun da kowanne zai tsaya ya juya da baya, kamar yadda suke yi kowace shekara. Ba su ja layi a ƙarƙashin haɗuwar ba, ba su ambaci wani sarki ba.

In kana so matasa su gane irin duniyar da wannan ilimi ya fito, ba su labarin sarkin wucin gadi. A zamanin Sarki Esarhaddon na Assuriya, in husufi ya nuna sarki zai mutu, sai a sauke shi na ɗan lokaci, a riƙa kiransa "manomi" har a cikin wasiƙu. A ɗauko wani bawan Allah, a sa masa tufafin sarauta, a ɗora shi kan gado, a karanta masa munanan alamun don su koma kansa. Ya ci ya sha har zuwa kwana 100, sannan a kashe shi, manomi ya koma gadonsa. Ilimin tsoro ne, na fadar da ba ta barci da ido biyu. Duban ranar haihuwar mutum ɗaya daga baya ya zo. Mafi tsufa da aka samu na shekara ta 410 ne kafin haihuwar Almasihu, kusan lokacin da suka kasa sararin sama buruji 12. Na manhajar yarinyarka jika ne da ya bi ta hannun Girkawa, sannan ya bi ta shafukan jaridun Turawa.

Malamin ajin matasa:

Na gode ƙwarai, Malama. Ke nan in ce musu duk ƙarya ce?

Malama a makarantar tauhidi:

A'a, kada ka ce haka. Ka ce musu mai yiwuwa wani abu irin wannan ne ya tashe su daga gida, amma babu wanda ya isa ya rantse. Matiyu ma bai ce daga Babila suka zo ba, gabas kawai ya ce, kuma wasu na ganin Farisa. Bai ce su uku ne ba, bai ce sarakuna ne ba. Kyautai ne uku.

Baba Fasto mai ritaya:

'Ya'yana, na ji ku duka. Mama ta yi gaskiya kan hani, malamai sun yi gaskiya kan tarihi. Amma amsar yarinyar nan tana cikin surar, in an karanta a natse.

Ina tauraron ya fara kai su? Urushalima, fadar Hirudus. Duk iliminsu iyakarsa ke nan: an haifi sarki a wannan yanki, sarki kuwa a fada ake nemansa. Suka shiga gari suna tambaya a fili, har magana ta kai kunnen mutumin da ya kashe 'ya'yansa na cikinsa saboda gadon sarauta. Ba tauraro ne ya ce musu Baitalami ba. Sai da aka tara manyan firistoci da malaman Attaura, aka buɗe Mika 5:2, sannan suka san inda za su nufa. Bayan sun ji Maganar ne tauraron ya sake bayyana, suka yi murna matuƙa. Da lokacin komawa ya yi, ba su ɗaga kai sun duba sama ba, a mafarki aka gargaɗe su kada su koma wurin Hirudus. Tauraro bai faɗa musu mugun nufin sarkin ba, alhali irin labarin da aka kafa iliminsu don a sani ke nan.

Daga Urushalima zuwa Baitalami bai wuce kilomita 9 ba, kudu ake yi. Yohanna Kirisostom, ɗaya daga cikin iyayen ikilisiya na dā, da yake wa'azi kan wannan sura a Antakiya tun ƙarni na 4, ya lura cewa taurari daga gabas suke yi yamma, wannan kuwa ya yi kudu, ya ɓuya ya sake fitowa, ya sauko har ya nuna gida guda. Ya ce ba tauraron da muka sani ba ne, iko ne na Allah cikin kamannin tauraro. Ni dai nan na fi karkata, ko da yake ba zan yi faɗa da mai ra'ayin Mushtari ba.

Don me Allah ya bi ta nan? Domin nan mutanen suke kallo. Masunci ya same shi a bakin taru, mai karɓar haraji a teburinsa, waɗannan kuma a kan soro da dare. Zuwa wurin mutum inda yake dabam, amincewa da sana'arsa dabam. Ka tuna Bal'amu ma mai duba ne, aka biya shi ya la'anci Isra'ila, amma daga bakinsa maganar tauraron da zai fito daga Yakubu ta fito, Littafin Ƙidaya 24:17. Ba wanda ya karanta wannan ya ce mu koma duba. Daniyel kuma an naɗa shi shugaban masu hikimar Babila, ya san littattafansu, amma da sarki ya yi barazanar kashe su, addu'a ya tara abokansa suka yi.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:

Baba, Allah ya ƙara girma, ina da ɗan ja. Farawa 1:14 ta ce an yi fitilun sama don alamu da lokatai. Yesu da kansa ya ce za a ga alamu a rana da wata da taurari, Luka 21:25. Kakanninmu ma suna duban Kaza da 'ya'yanta su san inda shekara ta kai. Kada mu tsorata yara har su ji kallon sama zunubi ne.

Baba Fasto mai ritaya:

Ba mu saɓa ba, ɗana. Manomin da ya dubi Kaza ya gyara fartanya bai yi laifi ba, kalanda ya karanta. Zabura 19 ma cewa ta yi sammai suna shelar ɗaukakar Allah. Inda aka ja layi shi ne a tambayi tauraro wa zan aura, yaushe zan yi tafiya, me zai same ni. Irmiya 10:2 ta ce kada mu firgita da alamun sama yadda al'ummai ke firgita. Yarinyar nan a firgice take.

Malamin kimiyyar sakandare:

Ƙarin bayani ga yarinyar, in zai yi amfani: ranakun buruji da manhajojin nan ke bi an tsayar da su ne kusan shekara 2,000 da suka wuce. Duniya na ɗan layi a kan sandarta sannu a hankali, don haka yau rana ta goce da kusan buruji guda daga inda teburin ya ce take. Yawancin waɗanda aka ce musu Rago ne, a ranar haihuwarsu rana tana gaban taurarin Kifi.

Mama, shugabar zumuntar mata:

To, tunda Baba Fasto ya yi magana, na sassauta kan ajin. Ka koyar, amma tarihin kada ya wuce minti goma, sauran lokacin a sa su karanta surar da bakinsu, aya bayan aya, su nemo da kansu wa ya ce Baitalami. Shi yaron da ya kawo bayanin ka ba shi aikin binciko abin da Malama ta faɗa kan Kifi, ya zo ya gaya wa aji da kansa, kada ka kunyata shi.

Ita kuwa yarinyar, ba maganar aji ba ce, kuma ba kai za ka zauna da ita kai kaɗai ba. Budurwar da hankalinta ke kwance da saurayi ba ta zuwa tambayar waya. Wataƙila ta ga wani hali, ko ta ji wata magana daga danginsa, ta rasa wanda za ta faɗa wa, sai ta laɓe bayan buruji. Ka haɗa ta da matar fastonku ko wata dattijuwa da take sakin jiki da ita, tun kafin a fara rabon katin biki. In babu, ka yi mini magana ta gefe, ni zan kira ta.