Kowane fim da irin fostarsa: ta ina za a fara gyara?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Ƙaramin kamfanin fim ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, ana shirya fina-finan Hausa da Fulatanci ana ɗorawa a YouTube. Matsalar, kowane fim da irin fostarsa, mai kallo ba ya gane gida ɗaya suka fito. Tambari za a fara gyarawa ko fosta? Kuma dole ne a yi wa sunan rajista?

Mai Zane, Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambari tukuna, domin fosta a kansa take zama. Kafin ku biya mai zane, ku rage tambarin ya koma kamar ƙwayar gyaɗa a fuskar waya. In bai karantu ba, a sake. YouTube da WhatsApp suna yanka hoton shafi ya zama da'ira, duk rubutun da ke kusurwa zai tafi. Ku karɓi kwafi uku: mai launi, baƙi zalla, fari zalla, kuma a fayil ɗin bekta, wanda ba ya dagargajewa in aka ƙara masa girma, wato SVG ko PDF. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto ya riga ya matse, in aka buɗa shi a bana, wato babban ƙyallen talla, mai mita uku sai ya dagargaje.

Launi biyu sun isa, nau'in haruffa ma biyu. Amma a nan ake yawan faɗuwa: haruffa masu ƙayatarwa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, balle ŋ da ƴ na Fulatanci. Kwamfuta sai ta ɗauko harafin daga wani nau'in, ko ta sa akwati a wurin. Ku rubuta "ƙauna" da "ɓiɓɓe" ku gani da idonku. Nau'in haruffan Noto Sans da Andika suna da su duka, kuma kyauta ne.

Hajiya Mai Talla, Njamena:
Malam ya yi gaskiya, sai dai tambari kaɗai ba ya sa a san ku, maimaitawa ce ke yi. A farkon kowane fim da kowace tirela, wato gajeren tallan fim, a sa motsin tambari na daƙiƙa 4 zuwa 5 da sauti ɗaya da ba ya canzawa, ko ɗan busar algaita ne. Wanda ya kai daƙiƙa 20, mai ƙaramar data ya wuce. Hoton bangon bidiyo 1280 da 720, fuska ɗaya ko biyu, kalmomi kada su wuce huɗu, tambari kullum a kusurwa ɗaya, amma ba ƙasan dama ba, can YouTube ke rubuta tsawon bidiyo. In kuna son kasuwar Chadi sai da Faransanci da Larabci. Larabcin a ba wanda ya iya karantawa ya duba, wasu manhajoji suna tsinka haruffan su jera su daga hagu, abin kunya a bakin titi.

Alhaji Mai Takardu:
Batun rajista, ba dole ba ce, amma a tsarinmu wanda ya riga ajiye takarda shi ke da suna. Hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka ce ke yi, hedikwatarta a Yawunde, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista ɗaya ta game ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi da Nijar, tana aiki shekara 10 a sabunta. Rajistar aji-aji ce bisa irin sana'a ko kaya: shirya fim yana aji na 41, in za ku sayar da riguna masu tambari ku ƙara aji na 25. Najeriya ba ta ciki, kuma can ne masu kallon Hausa suka fi yawa, sai an yi tata daban. Mai zanen ma ya sa hannu cewa ya sallama muku haƙƙin zanen.

Mai Zane, Marwa:
Na manta maɗaba'a. A kai musu fayil a CMYK, wato tsarin launin maɗaba'a, ɗigo 300 a kowane inci, a bar milimita 3 a gefe saboda yanka, a kuma mayar da rubutun ya koma zane don kada kwamfutarsu ta sauya haruffa. Ku sa a buga gwaji ɗaya tukuna: shuɗin da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe. Ja kuwa ranar Marwa ba ta raga masa, kada a rubuta ranar haska fim da shi a ƙyallen talla.